An saka ni cikin alƙalan gasar talla, amma na Japan da na Tailan sun ɗaure mini kai

Mai neman shawara: Assalamu alaikum. Shekarata 9 ina rubuta tallan rediyo da talabijin a Kano, tun ina yaron aike har na zama mai koyar da sababbin ma'aikata, kuma ban taɓa kai aiki a makare ba, ko a lokacin da mahaifiyata take kwance a asibiti. A watan jiya aka saka ni cikin alƙalan wata gasar ɗalibai ta intanet. Wani talla daga Tailan, na inshora, minti uku ne na kuka da tausayi, sunan kamfanin bai fito ba sai a ƙarshe. Wani kuma daga Japan, iyali ne suke murnar Kirsimeti da bokitin soyayyar kaza. Na ba su maki kaɗan, sauran alƙalan suka ba su mai yawa. Jibi za a rufe. Shin in canza ne?

Wani tsohon ma'aikacin talla: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka canza, domin da idon Kano ka auna kayan Tokyo. Tun 1974 kamfanin KFC, mai sayar da soyayyar kaza, yake tallata kaza a matsayin abincin Kirsimeti a Japan, ƙasar da Kiristoci ba su kai kashi 2 cikin 100 ba, har ta kai ga mutane suna yin oda makonni kafin ranar. Ɗalibin nan al'adar gidansu ya nuna maka. Su kuwa mutanen Tailan sun saba da dogon talla mai sa hawaye, musamman na inshora.

Wata 'yar kasuwa: Yaya, ni ban yarda ba. Ina amfanin tallan da sai an gama kuka za a san abin da ake sayarwa? Kuma mu wa yake duba al'adarmu? Kwanaki na biya aka yi mini tallan atamfa, aka kawo Hausar da aka fassara daga Turanci, har ƙawayena suna kirana suna dariya, kuɗina kuma har yau ba a mayar ba.

Tsohon ma'aikacin talla: Hajiya, abin da aka yi miki shi ne hujjata. A 2018 kamfanin tufafi na Dolce & Gabbana na Italiya ya nuna a wani tallansa wata 'yar Sin tana fama da cin fiza da tsinkayen cin abinci, mutanen ƙasar suka ɗauke shi a matsayin raini, aka soke bikin nuna tufafinsa a Shanghai. Wanda bai san gari ba, ya tambayi 'yan gari kafin ya yanke hukunci.

Wani malamin makaranta: Ba ka faɗa mana ƙa'idojin gasar ba. An ce a auna talla da masu kallonsa na gida ne, ko da kowa?

Mai neman shawara: Malam, takardar ta ce a duba fasaha da tasiri kawai. Yaya, na gode, amma ba da ka na yi ba, sau huɗu na kalli kowanne. Idan ra'ayin sauran alƙalan zan bi, me ya sa aka nemi Bahaushe a cikinsu?

Tsohon ma'aikacin talla: Tasiri a kan wa? Wannan za ka tambayi masu gasar kafin jibi.

Mai neman shawara: Na tura musu saƙo tun shekaranjiya, har yanzu shiru.