Efficiency a harkar banki: "inganci" ne ko "tsimin aiki"?

'Yan uwa masu fassara labaran kasuwanci, ku zo mu warware wannan. Duk inda efficiency ta fito a maganar banki, sai a rubuta "inganci". Ni kam kalmar ba ta kwanta mini ba.

Abin da mutanen banki ke nufi lissafi ne kawai: a kowane 100 da ya shigo, nawa ya tafi wajen albashi, haya, kwamfutoci da kula da rassa? Wanda ya kashe 40 ya fi wanda ya kashe 70. Shi ke nan fa. Amma mai karatu in ya ji "banki mai inganci", ɗauka zai yi mai ƙarko ake nufi, inda za ka ajiye kuɗinka ka yi barci har da minshari.

Ku dubi bankin Northern Rock na Ingila. Rassansa kaɗan, kashe kuɗinsa kaɗan, ana ta yabonsa a kan haka. Gasar ba da bashin gidaje ta yi zafi, ribar kowane bashi ta sirance, sai ya koma neman riba ta hanyar yawa. Ajiyar jama'a ba ta ishe shi ba, don haka kusan kashi uku cikin huɗu na kuɗin da yake juyawa daga kasuwar kuɗi yake samo su, wato rance daga wasu bankuna da masu zuba jari, wasu rancen 'yan watanni ne, shi kuwa yana ba da bashin shekaru masu yawa. Da kasuwar ta ƙafe a Agustan 2007, asiri ya tonu. Ranar 14 ga Satumba mutane suka yi dogon layi a ƙofar rassansa kowa na neman nasa, a Fabrairun 2008 gwamnati ta karɓe shi. To, wannan ne za mu ce mai inganci?

Wani malami ya kawo "ƙwazo". Allah ya gafarta malam, ƙwazo na mutum ne, kuma mai ƙwazo yana iya zama almubazzari. An kawo "tattali", ita kuma tattalin arziki ya riga ya mamaye ta, za a rikice.

Ni "tsimin aiki" na zaɓa. Na san za a ce tsimi ya yi maƙwabtaka da rowa. Ai abin da ya sa nake son ta ke nan: ba ta yi wa kowa alkawarin tsira ba. Tsimin yana amfani ranar wuya, domin bankin da kashe kuɗinsa bai da yawa ya fi jure asara kafin jarinsa ya taɓu. Sai dai ba ya faɗa maka irin kasadar da aka yi (af, risk ma "kasada" ce a nan, mu daina cewa "haɗari" kamar motoci sun yi karo).

Ku gwada a baki: "Northern Rock yana da tsimin aiki, amma gasa ta tura shi kasada." Yanzu ku cire tsimin aiki ku sa inganci, ku ji yadda jimlar ke ƙaryata kanta.