Fumfuna a bangon ɗaki: 'yan Jos, yaya kuke fama da damina?

Uwargida, Angwan Rogo:
Assalamu alaikum. Tunda Agusta ya kama, bangon bayan wadirob ɗina ya yi baƙi, takalman maigida duk sun yi fumfuna, katifa ma wari take. Mai gidan hayar ya ce zai sa a yi fenti. Waɗanda suka taɓa gani, fentin na magani?

Magini, Bukuru:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kar ki yarda da fenti tukuna, kafin damina ta fita zai kumbura ya ɓare. A fara gano ta inda laimar ke shiga. In daga ƙasa ta taso, ba ta cika wuce mita 1 ba, filasta na zuba, ga farin gari kamar kanwa a jikin bango, to ruwan ƙasa ne ke hawa, galibi ba a shimfiɗa ledar DPC, wato ledar da ke tare laima a gindin bango, ba lokacin gini. In tabon a silin yake, kwano ne ke yoyo. Akwai gidan da na duba a Gangare, an sake filasta a banza, ashe ruwan indararo ne ke zuba a gindin bango. Kwata muka yi masa, shi ke nan.

Malamar makaranta, Rikkos:
Malam, namu ba ko ɗaya daga ciki. Sanyin garin nan ke sa mu rufe tagogi ruf, mu yi shanya a ɗaki, mu dafa ruwa a risho. Tururin nan kan bango mai sanyi yake sauka, da asuba za ka ga gilashin taga na gumi. Ɗana mai asma sai da tarinsa ya tsananta. Na janye gado da wadirob daga bango kamar taƙi ɗaya, da hantsi ina buɗe taga da ƙofa iska ta ratsa, shanya kuma ta koma baranda. Tarin ya ragu sosai.

Ɗalibi, Farin Gada:
Ni Hypo na tsarma da ruwa na goge. Anti, ki sa safar hannu da takunkumi, taga a buɗe. Kar a haɗa shi da ruwan wanke masai, iskar da ke tashi guba ce.

Hajiya, Nasarawa Gwong:
Ɗan nan, gogewa ai na ɗan lokaci ne, ni sai da fumfunar ta dawo. 'Yata, katifar a fitar duk ranar da rana ta leƙo, in fumfunar ta shiga cikin soso kuwa sai haƙuri, a sake wata. Masu shiga da kaskon gawayi wai don ɗaki ya bushe, don Allah ku bari, hayaƙinsa na kisa a rufaffen ɗaki.

Uwargida, Angwan Rogo:
Na gode, Allah ya saka. Na janye wadirob ɗin yanzu, farin garin nan ne tun daga ƙasa har gwiwa. Malam magini, irin wannan gyaran a kan wa yake, mu ko mai gidan?