Masu suga da hawan jini: me kuka gani a bakinku?

Bappan Pantami
Assalamu alaikum. Ina son masu fama da ciwon suga ko hawan jini, da masu jinyar iyaye, kowa ya faɗi abin da ya gani game da haƙora. Yayana ne dalili. Shekararsa 54, bai taɓa yin kogon haƙori ba, amma na ƙasa na gaba suka fara motsi, in ya sha rake sai ka ga jini a jikin ɓawon. A gida aka ce goro ne, wasu suka ce girma ne ya zo. Da muka kai shi sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, likitan yana leƙawa sai ya ce, yaushe rabonka da gwajin suga? Bai taɓa yi ba. Washegari kafin ya karya aka gwada, aka sami 14. Mutumin da ya je a cire masa haƙori ya dawo gida da katin masu suga.

Maman Walida, Bolari
Wa alaikumus salam Bappa, Allah ya ba shi lafiya. Ni nawa hawan jini ne, tun haihuwar auta. Bayan an ɗora ni a kan amlodipine sai dasashina ya fara hawowa tsakanin haƙora, yana neman rufe su. Babu zafi, amma in na je biki da mayafi nake rufe baki in zan yi dariya. Har an fara raɗe-raɗin jifa ne, aka kawo min rubutu da hayaƙi. Likitan haƙori bai taɓa bakin ba sai da ya ce in zazzage masa ledar magunguna a kan tebur. Ya ɗaga kwali ɗaya ya ce ga mai laifin. Ya yi min wankin haƙori, ya ba ni takarda zuwa ga likitan hawan jini, aka canza min magani. Cikin 'yan watanni naman ya koma.

Hamma Direba
To fa! Ni ma amlodipine ɗin nake sha kullum. In ajiye shi kenan?

Sista Mai Jinya
Hamma, don Allah kada ka ajiye. Ba kowa yake yi wa haka ba, kuma ya fi kama bakin da datti ya riga ya daskare a gindin haƙora. Nifedipine ma danginsa ne, har ya fi shi yi. Kumburin dasashi ana gyara shi, shanyewar ɓarin jiki kuwa ka san yadda take. In ka ga canji, ka nuna wa wanda ya rubuta maka, shi zai canza.

Maganar yayan Bappa kuma, ba abin mamaki ba ne a wurinmu. Suga in ya kai 7 a ma'aunin mmol/L kafin karin kumallo, an shiga layin masu ciwon, balle 14. In ya daɗe a sama, yana raunana sojojin jiki da ƙananan jijiyoyin jinin da ke ciyar da dasashi. Ƙwayoyin cuta su samu wuri, dasashi ya janye, ƙashin da ke riƙe da haƙori ya zaizaye a hankali. Shi ya sa haƙori lafiyayye, fari tas, zai kama rawa ya fita. Mai suga ya fi wanda ba shi da shi haɗarin wannan ciwo kusan ninki uku. Abin da mutane ba su sani ba, shi ma ciwon dasashin yana hana suga sauka. Na sha ganin wanda ake ta ƙara wa magani suga ya ƙi jin magana, alhali mugunya ce kwance a bakinsa ba wanda ya duba.

Ɗan Kumo
Ni haushi na kwasa. Turmina ya hana ni barci, na biya kuɗin mota zuwa Gombe, na bi layi, aka ɗaura min abin awo aka ce 190 bisa 115, ba za a cire ba yau. Na ce ciwon ne ya tayar da shi, ku cire ya sauka mana! Suka ƙi. Sai da na koma na daidaita shan magani sannan aka cire. Har yanzu ina ganin an wahalar da ni.

Sista Mai Jinya
Kawu, ka yi haƙuri, amma gata aka yi maka. In awo ya kai 180 bisa 110, aikin da zai iya jira ana ɗaga shi. Ga tsoro, ga zafi, ga allurar kashe zafin da galibi akwai sinadarin da ke ƙara bugun zuciya a cikinta. Me ka sha kafin ka zo?

Ɗan Kumo
Diclofenac da ibuprofen, mai kemis ya haɗa min, safe da yamma.

Sista Mai Jinya
To ka gani. Su biyun suna ɗaga jini, suna rage ƙarfin maganin hawan jini, kuma suna takura ƙoda. Mai hawan jini ko suga, farasitamol ya fi masa kafin ya ga likita. Masu shan ƙaramin asfirin na kullum kuma, ku faɗa kafin a cire, amma kada ku dakatar da kanku.

Adda, Tudun Wada
Dadarmu tana da duka biyun. Abin da ya fi damunta bushewar baki, musamman lokacin hunturu. Tuwo ba ya wucewa sai da ruwa, cikin dare harshe ya manne. Ashe ta samo wa kanta dabara: jikoki take aika su sayo mata Tom-Tom, tana ɓoyewa ƙarƙashin matashi, ta kwana da ɗaya a kunci. Ranar da nake canza zanin gado na tarar da takardun alewa sun fi cikin hannu. Haƙoran gefen da take ajiyewa duk sun rube daga gindi. An ce mana miyau shi ke wanke baki, suga da maganin da ke sa yawan fitsari kuma suna busar da shi. Sannan ƙarƙashin haƙorin robarta ya yi ja, harshe ya yi fari-fari kamar an shafa kindirmo, aka ce naman gwari ne, aka ba ta magani. Yanzu gorar ruwa ce a bakin gado, haƙorin roba kuma a kofi yake kwana. Rabuwa da alewar dai sai da aka yi rigima, har ta daina amsa gaisuwata.

Malam na Herwagana
Mu dai asuwaki muka gada, kuma sunna ne. Amma tunda jini ya fara zuwa na rage, don kada in fama.

Maman Walida, Bolari
Malam, ni akasin haka aka ce min. Jinin alamar datti ne a wurin, in ka bari sai ya ƙaru. Asuwaki na nan, amma a tauna bakinsa ya yi laushi, a bi a hankali. Ni na haɗa da buroshi mai laushi da makilin, safe da kafin kwanciya.

Hamma Direba
Sista, matata tana shan maganin suga Daonil, an ba ta ranar cire haƙori. Ta je da yunwa ne kamar ranar gwaji?

Sista Mai Jinya
A'a Hamma. Ta karya, ta sha maganinta yadda ta saba, ku nemi layin safe. Daonil a kan yunwa yana faɗar da suga, ta zauna a benci tana jira sai gumi da karkarwa. Ku tafi da kwalayen magungunan da sakamakon gwajinta na ƙarshe. Ramin haƙorin mai suga yana jinkirin warkewa, don haka ta cije audugar yadda aka ce, kada ta kurkure baki ranar, washegari ta fara da ruwan ɗumi da ɗan gishiri. In kumburi ya ƙaru ko zazzaɓi ya zo, ku koma ba sai ranar da aka rubuta ba.