Shin na'urar tsotse danshi ɓarnar wuta ce a Bauchi?

Hajiya: Assalamu alaikum. Ƙanena ya dage cewa sayen na'urar tsotse danshi a Bauchi ɓarnar kuɗi ce, wai tana shan wuta kamar na'urar sanyaya ɗaki. Ni kuwa a watan Agusta, lokacin marka, na buɗe akwatin lefen 'yata na tarar fumfuna ta yi fari fat a kan takalman fata, atamfofin ƙasa kuma sun ɗauki warin rima. Ina neman shawararku kafin in saya.

Alhaji: Wa alaikumus salam. Hajiya, ina bayan ƙanenki. Garin da hunturu ke sa mana faso a ƙafa ba ya bukatar injin busar da iska. Wannan kayan mutanen Legas da Fatakwal ne. Iyayenmu shanya kaya suke yi idan rana ta fito.

Injiniya: Ranka ya daɗe, maganar yanayi kana da gaskiya, amma batun shan wuta a bar lissafi ya raba gardama. Galibin na'urorin tsotse danshi na gida suna jan wat 200 zuwa 500, alhali na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya tana jan 750 ko fiye. A ce ta Hajiya mai wat 300 ce, ta yi aikin awa takwas a rana: yunit 2.4 ke nan. Da farashin da aka sa wa rukunin Band A (masu samun wutar awa 20 a rana) a watan Yulin 2024, wato ₦209.50 kowane yunit, kuɗin rana ɗaya ya ɗan haura ₦500, na wata kuma kimanin ₦15,000. Idan aka bar ta tana aiki dare da rana, sai ya ninka sau uku, kuma ina zaton irin wannan ƙanenta ya gani. Na'urori masu ma'aunin danshi a jiki, idan aka saita su a kashi 55 cikin ɗari, kwampreso, wato injin da ke cikinsu, yana tsayawa da kansa da zarar ɗaki ya bushe.

Malam: Injiniya, lissafinka ya tsaya a kan mai samun wutar awa 20 a rana. Wanda unguwarsa ba ta cikin wannan rukuni yunit ɗinsa ya fi araha, amma idan aka ɗauke wuta ya koma janareta, kuɗin mai zai rushe lissafin gaba ɗaya. Sannan na'urar tana fitar da iska mai ɗumi, don haka ba zan so ta a ɗakin kwana ba.

Injiniya: Na karɓi gyara, Malam. Shi ya sa wurinta ɗakin ajiya ne, a rufe ƙofa da tagogi, in ba haka ba danshin unguwa duka za ta yi ta tsotsa. Aikinta a nan bai wuce Yuli zuwa Satumba ba.

Alhaji: To, a zuba kuɗi a kayan da zai yi wata tara a cikin kwali? Hajiya, ki fara duba bangon ɗakin tukuna, domin idan ruwa yana tsatsowa daga tushen gini ko rufi yana yoyo, sai dai ki yi ta zubar da ruwan tankinta kullum.

Hajiya: Allah Ya saka da alheri. Gaskiya bangon da akwatin yake jingine fentinsa ya fara ɓarewa daga ƙasa. Gobe zan sa a kira magini ya duba, akwatin kuma yau za a ɗora shi a kan katako.