DC biyu a kan Hyper-V: ping lafiya lau, amma shiga kwamfuta na cin minti uku

mai_sabar:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai DC biyu (domain controller, sabar da ke tantance masu shiga kwamfuta) na Active Directory, duka Windows Server 2019, kowanne VM ne (kwamfutar manhaja da ke gudana cikin wata kwamfutar) a kan uwar na'ura daban mai Hyper-V, manhajar da ke gudanar da VM, katin sadarwarsu na gigabit ɗaya. Da safe shiga kwamfuta na cin minti biyu zuwa uku, kuma `repadmin /replsummary` na nuna kuskure 1727 wajen kwafin bayanai tsakanin DC ɗin. Ping tsakaninsu bai kai milisakan ɗaya ba, sai dai jefi-jefi ya haura 200. An ƙara vCPU (kason CPU da ake ba VM) daga 2 zuwa 8, an ƙara RAM, ba ta sauya zane ba. Ta ina ya kamata a fara?

direban_waya:
Wa alaikumus salam Malam. Kada wannan ping ɗin ya ruɗe ka, bayit 32 kacal yake ɗauka, ko hanya ta ƙuntata zai wuce. Daga DC ɗaya zuwa ɗayan gwada `ping -f -l 1472`, sannan `ping -f -l 8972`. 1472 da kan fakiti na bayit 28 shi ne 1500, girman fakiti na yau da kullum. 8972 kuma na 9000 ne, wato manyan fakiti (jumbo). Sai ka duba cikin kowane DC:

`Get-NetAdapterAdvancedProperty -RegistryKeyword *JumboPacket`

1514 na nufin manyan fakiti a kashe suke. In ka ga 9014 a duka biyun alhali suwic ɗin da ke tsakani yana kan 1500, to ga mai laifin nan. DC biyun za su yi yarjejeniya a kan manyan fakiti tun wurin gaisuwar TCP, gaisuwar ta wuce lafiya don ƙarama ce, amma da zarar kwafin bayanan ya taso da nauyi sai suwic ya zubar da su shiru, ba ya mayar da saƙon ICMP ya ce a rage. Haɗin RPC, wanda DC ke amfani da shi wajen kwafin bayanai, ya buɗe amma aikin bai gudana ba, shi ya sa 1727 ya dace da wannan matsala. DC ba ya bukatar manyan fakiti, a bar wa hanyar iSCSI (ta ma'ajiyar bayanai) da ta ƙaurar da VM.

Sai dai ka sani, wannan ba zai zama dalilin jinkirin ma'aikata ba. Kwamfutocinsu na kan 1500, kuma TCP ƙaramin girman yake ɗauka tsakanin ɓangarori biyu. Ina ganin cuta biyu ce ta haɗu.

yar_lissafi:
Na yarda da direban_waya. Kafin a ɗora wa VM laifi, a duba DNS. `ipconfig /all` a kwamfutar ma'aikaci: in akwai 8.8.8.8 ko adireshin rauta a jerin DNS, a cire, DC kaɗai ya kamata su tambaya. `nltest /dsgetdc:` da sunan domain zai nuna wane DC suke kamawa. Haka agogo: `w32tm /query /source` a kan DC mai riƙe da PDC, wanda sauran ke saita agogo da shi, kada ya nuna VM IC Time Synchronization Provider. Kerberos, tsarin tantance masu shiga, ba ya yafe saɓanin da ya wuce minti 5.

Kuma don Allah a mayar da vCPU ɗin 2 ko 4. Takwas ba su ƙara komai ba, sai cunkoso a kan uwar na'urar. RAM a tsayar da shi, a kashe Dynamic Memory, don ntds.dit, fayil ɗin bayanan Active Directory, ya zauna cikin ƙwaƙwalwa gaba ɗaya.

mai_sabar:
Allah ya saka da alheri. 9014 ne a duka biyun, 8972 bai wuce ba. An mayar 1514, yanzu repadmin babu kuskure ko ɗaya. DNS da agogo daidai suke. Jinkirin safe dai yana nan. iperf3, manhajar awon gudun hanya, daga kwamfutar ma'aikaci zuwa uwar na'ura ya ba da kusan megabit 940, zuwa DC ɗin da ke kanta kuwa bai kai 70 ba.

direban_waya:
Madalla, wannan awon ya gama rabin aikin. Tunda uwar na'ura ta cika gigabit ɗinta, waya da suwic sun fita daga zargi. Abin yana tsakanin katin da suwic ɗin Hyper-V.

Fara da mai sauƙi: in VM ɗin na ƙarni na ɗaya ne, tabbatar ba Legacy Network Adapter aka saka masa ba, wannan kwaikwayon tsohon katin megabit 100 ne. Daga nan sai VMQ, tsarin da kati ke ware wa kowane VM layin fakitinsa. A kan uwar na'ura buga `Get-NetAdapterVmq`. A katin gigabit ɗaya VMQ ba shi da wani amfani, kuma Microsoft da kansu sun rubuta cewa tsofaffin direbobin Broadcom NetXtreme na gigabit ɗaya, masu fayil b57nd60a.sys, kan sa VM ya yi nawa ko ya yanke baki ɗaya in VMQ na kunne. Ping mai tsalle daga 1 zuwa 200 alamarsa ce sak. Ko wane iri ne katinka, sabunta direba, sannan:

`Disable-NetAdapterVmq -Name "sunan katin"`

A kan katin zahiri ake yi, kowane ɗaya in an haɗa su tawaga, ba cikin VM ba. Katin zai yanke na 'yan daƙiƙoƙi, saboda haka a yi bayan an tashi aiki, uwar na'ura ɗaya bayan ɗaya don DC guda ya riƙe jama'a.

In iperf3 bai tashi ba, saura RSC na suwic ɗin Hyper-V, mai haɗe ƙananan fakiti su zama babba, wanda Windows Server 2019 ta zo da shi a kunne: `Set-VMSwitch -Name "sunan suwic" -EnableSoftwareRsc $false`. Amma abu ɗaya-ɗaya za ka riƙa canzawa, ka sake awo bayan kowanne ka rubuta lambar. Gobe da safe lokacin da kowa ke shiga, buɗe perfmon (Performance Monitor) a DC ka sa ido kan ATQ Estimated Queue Delay, wato tsawon jiran da buƙatu ke yi a layi. In tana hawa bayan iperf3 ya kai 900, to tambayoyin LDAP (neman bayani a Active Directory) masu nauyi ne, sai mu koma kan Event 1644, rahoton da ke nuna irin waɗannan tambayoyin.