"Gani ya kori ji": wai ido ne alƙalin ƙarshe?

Ɗanlami: Assalamu alaikum, jama'a. Akwai karin maganar da ake jefowa duk lokacin da gardama ta yi zafi, wai "gani ya kori ji". In ma'anarta ita ce abin da ido ya gani shi kaɗai ne sani, ai an gama da mu. Ranar haihuwata ji na yi. Cewa duniya ce ke zagaya rana, shi ma ji na yi. Ke nan ban san komai ba sai abin da ke gabana?

Malam Isa: Wa alaikumus salam. Ɗana, ka ɗora wa maganar kayan da ba nata ba. Ba ta ce ji ƙarya ne ba. Akwai hadisi a Musnadin Imam Ahmad daga Ibn Abbas, cewa labari ba kamar gani da ido ba ne. Misalin da ya zo a ciki shi ne Annabi Musa, alaihis salam: Allah ya sanar da shi mutanensa sun bauta wa ɗan maraƙi, bai jefar da allunan Attaura da ke hannunsa ba. Da ya dawo ya gane wa idonsa, sai ya jefar. Ka ga ba shakka yake yi ba, wa zai yi shakkar maganar Ubangiji? Gani bai ƙara wa labarin gaskiya ba, zuciya ya girgiza.

Ummi: Allah ya gafarta Malam, wannan fassara ta yi. Sai dai masu faɗinta a bakin gardama ba haka suke nufi ba, nufinsu ido ba ya kuskure. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya tuhumi ido a littafinsa al-Munƙiz. Ya ce ka kalli inuwa za ka rantse a tsaye take, bayan ɗan lokaci ka tarar ta gusa, ashe tun ɗazu tafiya take a hankali. Ka kalli tauraro ka gan shi kamar dinari, alhali lissafi ya nuna ya fi duniya girma. A 1641 René Descartes, masanin falsafa na Faransa, ya kawo nasa: hasumiyar da ka hango zagayayya daga nesa, in ka matso sai ka ga mai kusurwa huɗu ce. Dukansu biyu kuma sun yi tambayar mafarki. A cikin barci ma gani kake yi, kana kuma gaskata shi har ka farka.

Sani: Ummi, tsaya. Wa ya kama ido da laifin? Ai idon ne. Kin dawo kin ga inuwa ta gusa, kin matsa kin ga kusurwar hasumiya. Gani ne ya kori gani. Ji bai taɓuka komai ba a nan.

Ummi: Yaya Sani, ido bai taɓa ganin tafiyar inuwar ba. Ya gan ta a nan, ya sake ganinta a can. Wanda ya riƙe na farko ya gwada da na biyu ya yanke hukunci, hankali ne.

Hajiya Binta: Ni ba falsafa na karanta ba, amma ku ɗauki hoton ƙashi a asibiti. Likita ya ɗaga shi a gaban fitila, mara lafiya na tsaye kusa da shi, abu ɗaya suke kallo. Mara lafiya fari da baƙi yake gani. Likita ya ɗora bakin biro a wani siririn layi kusa da wuyan hannu ya ce ga tsagewar nan. Sai a lokacin mai hannun ya ce "af, na gani". To da me ya gani, da ido ko da kunne? Shi kansa likitan sai da aka yi shekaru ana gaya masa inda zai duba. Shi ya sa ake cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma ba don idon babba ya fi kaifi ba.

Ɗanlami: Hajiya, kin taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Amma Aflaton, masanin falsafar Girka wanda Turawa ke kira Plato, kamar yana bayan Sani. A littafinsa Theaetetus ya kawo misalin masu yanke hukunci a kotu, waɗanda aka gamsar da su da baki a kan abin da wanda ya gani ne kaɗai zai iya sani. Ko sun dace da gaskiya, in ji shi, zato ne da ya faɗa daidai, ba sani ba.

Malam Isa: Ya tsananta. Malaman usulu, masu nazarin tushen hukuncin shari'a, sun raba labari. Akwai na mutum ɗaya, wanda sai an duba adalcinsa da kiyayewarsa. Akwai mutawatiri, wanda jama'a masu yawa suka kawo ta hanyoyi daban-daban har ya zama ba zai yiwu su haɗa baki a kan ƙarya ba. Wanda bai taɓa zuwa Makka ba, yana kokwanton akwai ta? Sai dai ku lura, sun sa sharaɗi: dole tushen labarin ya koma ga waɗanda suka gani ko suka ji da kansu.

Sani: Yauwa, Malam ya dawo gida! Ashe jin ma a kan gani yake zaune.

Hajiya Binta: A kan ganin wani, Sani, ba naka ba. Kai amana ka karɓa. Yanzu ma da ake haɗa bidiyon bogi da kwamfuta, ka ga mutum da fuskarsa da muryarsa yana faɗin abin da bai taɓa faɗa ba, me kake yi? Tambaya kake: wa ya sa shi, daga ina ya fito, wa ya tabbatar. Ni a wurina maganar tana da muhalli ɗaya, inda abin yake kusa kuma ana iya tashi a je a duba. Wanda ya faɗe ta a kan abin da ya san ba za a iya zuwa a gani ba, gudun hujja yake yi.

Sani: Na karɓi na bidiyo. Amma Ummi, tauraron Gazali fa? Lissafin da ya ƙaryata ido, da me aka ɗauki awonsa in ba da ido ba?

Ummi: Da ido, ban musa ba. Amma ba naka ba, ba nawa ba, Gazali ma ba shi ya auna ba, daga masana taurari ya karɓa. Kai ka yarda tauraro ya fi duniya girma, Yaya Sani, ko kana jira sai ka gani?