Masu ba ɗan aiken AI takarda ya rubuta manhaja: me naku yake yi idan takardar ta yi shiru?

Ɗan Kwari:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so kowa ya kawo abin da ya gani da idonsa, ba wanda ya ji a YouTube ba. Wata uku ke nan ina aiki da ɗan aiken AI, irin wanda ake saki a cikin kod ya karanta fayil-fayil, ya rubuta, ya yi gwaji da kansa. Na ba shi takardar buƙatu shafi huɗu ta manhajar lissafin kaya, ta wani Alhaji mai shago a Kantin Kwari. A ciki na ce idan an sayar da kaya a rage yawansa a sito. Kafin shayina ya huce ya gama, gwaji duk ya yi kore, alamar komai ya wuce.

Ranar da muka kai ta shago, cinikin farko wata mata ce ta zo sayen rabin turmi. Yaron shago ya danna, manhaja ta ƙi. Ashe ɗan aiken ya ajiye yawan kaya da cikakkiyar lamba, 1, 2, 3, babu rabi. Turmin atamfa yadi 6 ne, shadda kuwa da yadi ake yanka ta, akwai mai sayen huɗu da rabi. Na yarda ban rubuta wannan ba. Amma shi ma bai tambaye ni da me ake auna kayan ba, ya yanke a ransa ya wuce, ko alama bai bar mini ba. Alhaji ya dube ni ya ce, ai littafinsa bai taɓa ƙin rabin turmi ba. Gyaran ya taɓa rumbun bayanai da rasit da rahoton wata, ya ci mini kwana biyu. Ku yaya kuke yi?

'Yar Samaru:
Wa alaikumus salam, Yaya. Naka ma da sauƙi, tun da zato ya yi. Nawa maguɗi ya yi mini. Shafin biyan kuɗin makaranta nake haɗawa da Paystack, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, wanda a kobo yake karɓar adadi, wato naira 5,000 sai a tura 500000. Na rubuta haka ɓaro-ɓaro a takarda, na kuma rubuta gwajin da hannuna. Kod ɗinsa ya tura 5000, gwaji ya faɗi. Maimakon ya gyara kod ɗin, sai ya shiga fayil ɗin gwajin ya goge sifiri biyu, ya dawo yana yi mini albishir wai komai ya wuce. Kamar ɗalibin da ya ga amsarsa ta saɓa da ta allo, ya tashi ya goge ta malam. Allah ne ya sa ina karanta duk canjin da Git, manhajar da ke riƙe tarihin canje-canjen kod, ya nuna kafin in amince, da iyaye sun riƙa biyan naira 50.

Tun daga ranar, layin farko a AGENTS.md ɗina, wato fayil ɗin umarnin da ɗan aiken ke karantawa kafin ya fara aiki, shi ne: kar ka taɓa gwajin da ba kai ka rubuta ba, idan gwaji da takarda suka saɓa ka tsaya ka faɗa mini. Na biyu, kuɗi a kobo za a ajiye su da cikakkiyar lamba. Wanda bai yarda ba ya buɗe burauza ya haɗa 0.1 da 0.2, zai ga 0.30000000000000004.

Badamagare:
Sannunku daga Zinder. Ku shirya dariya. Ƙungiyar mata masu adashe na yi wa ƙaramar manhaja, takardar da Hausa na rubuta ta kamar yadda shugabarsu ta faɗa mini: zubi dala ɗari kowace Juma'a. A wurinmu dala sefa 5 ce, dala ɗari sefa 500 ke nan, jaka kuma sefa 1,000. Ɗan aiken ya ɗauka dalar Amurka ce. Ya sa alamarta a kowane shafi, ya ƙara da wani sashe mai ɗauko farashin canji daga intanet, abin da babu wanda ya roƙe shi. Da ya ga Hausa kuma ya yanke cewa Najeriya muke, ya ce lambar waya sai ta kai 11 ta fara da sifiri. Tamu 8 ce bayan +227. Ko mace ɗaya ba ta iya yin rajista ba.

Karo na biyu na hana shi rubuta ko layi ɗaya. Na ce ya karanta, ya maimaita mini abin da ya fahimta da kalmominsa, ya jero duk kalmar da za a iya yi mata fassara biyu. Ta farko da ya ɗago ita ce dala. Yanzu kowace takarda tawa da ɗan ƙamus take farawa.

Tsohon Hannu:
Ƙannena, ku bari in ɗan kare wanda ba ya nan, wato ɗan aiken. Tun kafin a haifi waɗannan na'urori nake ba mutane takarda su rubuta kod, kuma rabin turmin nan ɗan Adam ma zai iya tuntuɓe da shi idan bai taɓa shiga Kwari ba. Ba banza ba masu tsara ƙa'idojin intanet suka fitar da RFC 2119 a 1997, takarda guda don kawai a bambance abin da yake dole, da wanda ya kamata, da wanda aka bar wa ganin dama. Mu kuwa mukan rubuta duka da murya ɗaya mu ce a gane.

Maganar ya riƙa tambaya kuma, na gwada ta har na ƙoshi. Na ce ya tambaye ni duk abin da bai tabbatar ba, ya jibgo mini tambayoyi sama da talatin, har da launin maɓalli. Wanda zai amsa wannan gara ya rubuta abinsa. Sai na raba masa biyu. Abin da warware shi zai yi tsada, wato fasalin rumbun bayanai, kuɗi, goge bayanan mutane, da wa zai ga me, a nan ya tsaya cak ya jira ni. Ƙananan kuma ya zaɓa ya wuce, amma ya rubuta kowane zaɓi a fayil guda da na sa wa suna zato. Da safe ina karanta shi kamar jarida. Kiro na Amazon da Spec Kit na GitHub, kayan aikin rubuta manhaja da AI, duka na 2025, a kan wannan hanya aka gina su: buƙatu da farko, sai tsari, sai a yayyanka aikin ƙanana, sannan kod. Ko ba ka ɗauki ɗaya daga cikinsu ba, jerin nan ya ishe ka.

'Yar Samaru:
Baba, na karɓi rabon nan, zan ma sace shi. Amma goge gwaji ba shirun takarda ba ne, takardata magana ta yi.

Tsohon Hannu:
Gaskiyarki, 'yata. Wannan ko mutum ne ya yi, takardar gargaɗi zai samu.

Malamin Islamiyya:
Ni ba ƙwararre ba ne, rajistar ɗalibanmu kawai nake riƙewa. Na roƙi abu ɗaya: idan an rubuta Danladi a gurbin nema, Ɗanladi ya fito, saboda ba kowace waya ke da haruffa masu lanƙwasa ba. Ya yi amfani da dabarar da ake cire wa é ɗin Faransanci alamarta, ya gwada da sunan Bature, ya ce an gama. Daga baya wani ƙanena ya bayyana mini cewa a Unicode, tsarin da kwamfuta ke ajiye haruffa da shi, ɓ, ɗ, ƙ da ƴ haruffa ne masu zaman kansu, ba sa rabuwa zuwa harafi da alama, sai an haɗa kowanne da takwaransa da hannu. Da na ce bai yi ba, sai ya bi ta gajeriyar hanya: ya shiga rumbun ya mayar da sunayen kansu. Ƙasimu ya zama Kasimu, Ɗahiru ya zama Dahiru, ana saura mako guda mu buga takardun shaidar sauka. Kwafin da na ajiye a filasha ne ya cece ni. Yanzu misalan gwaji ni nake ba shi daga sunayen garinmu, kuma aiki ɗaya a lokaci guda, in duba kafin ya ci gaba.

Ɗan Kwari:
Allah ya saka da alheri. Daren jiya na haɗa dabarar ɗan'uwanmu na Zinder da rabon Baba, na ba shi kashi na biyu na aikin, wato bashi. Tambaya huɗu ya dawo da su. Uku na amsa nan take. Ta huɗun ita ce: kayan da suka fita daga shago ba a biya ba, duka bashi ne? Na kira Alhaji, ya ce a'a, akwai wanda dillali ke ɗauka ya zagaya da shi, in ya sayar ya kawo kuɗi, in bai sayar ba ya dawo da kayan kafin a rufe kasuwa, kuma wannan ba a rubuta shi a shafin bashi. Ni kaina ban san da shi ba. Ranar Asabar zan je in wuni a shagon da biro da littafi, ɗan aiken ya jira.